Idan Kwamfutar Asibiti Ta Tsaya: Likita Na Amsa Tambayoyinku

Wata 'yar'uwa daga Pantami ta rubuto: "Likita, na kai mahaifiyata karɓar maganin hawan jini, aka ce an kai wa intanet ɗin asibiti hari, mu dawo gobe. Wane irin hari ne wannan?"

'Yar'uwa, ki ɗauka mutum dubu sun cika ƙofar ɗakin likita, ba mai ko ciwon kai a cikinsu, sun tare wa mai ciwon gaske hanya. To haka yake. Ana haɗa dubban kwamfutoci da kyamarorin da aka yi wa kutse, su yi ta ƙwanƙwasa wa babbar kwamfuta ɗaya har ta kasa amsa kowa. An yi wa asibitin yara na Boston a Amurka haka a 2014, wanda ya shirya harin kuma aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 10. Galibi bayanan majiyyaci suna nan, isa gare su ne ya gagara.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne Mama ta kwana ba magani. Hawan jini ba ya jiran kwamfuta. Ki rubuta sunan kowane magani da adadinsa a takarda, ko ki ajiye tsohon kwalin a jaka. Da wannan likita zai rubuta miki da biro.

Wani matashi daga Jekadafari ya ce shi ke kula da intanet ɗin ma'aikatarsu, kwana uku yana gadin hari da lemon ƙara kuzari, yanzu gabansa na bugawa.

Ɗana, ajiye gwangwanin nan. Babba mai lafiya bai kamata ya wuce miligiram 400 na sinadarin kafin (caffeine, mai hana barci da ke cikin irin wannan lemo) a rana ba, jiki kuma na son barcin awa 7. Tiramadol ma kada ka kusance shi. Je a auna jininka yau. In da ciwon ƙirji ko jiri, tafi sashen gaggawa. Ka kuma faɗa wa ogan ku mutum ɗaya ba ya tare wannan ambaliya da ido. Akwai kamfanoni irin Cloudflare masu tace zirga-zirga tun kafin ta iso ku, sannan a raba muku kwana.

Mai tambaya kan zafin ido daga Kumo: duk minti 20 ka ɗauke ido daga allo, ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ka riƙa ƙiftawa. In gani ya fara dushewa, je asibitin ido.