Me ya sa tsohon cocin Wusasa ya yi kama da ginin sarauta?

Tambaya: Malam, na ziyarci 'yan'uwa a Wusasa kusa da Zariya, aka nuna mini wani tsohon coci na ƙasa. Da farko na ɗauka zauren wani basarake ne. Yaushe aka gina shi, kuma me ya sa aka yi shi haka?

Amsa: Malama, idonki bai ruɗe ki ba. Wannan shi ne tsohon cocin St. Bartholomew na ɗarikar Angalikan, wanda aka gina a 1929, kuma da fasahar maginan Zazzau aka tayar da shi.

Labarin ya faro ne daga cikin birni. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, ƙungiyar masu bishara ta Angalikan, ya zauna cikin ganuwar Zariya tun 1905, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, yana duba marasa lafiya yana koyar da yara. Zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai kwanta wa masarauta da Turawan mulki ba, sai aka mai da shi bayan gari, gindin dutsen Wusasa. Rabaran Guy Bullen ne ya jagoranci ƙaurar. Coci, makaranta da asibiti kusan tare suka tashi, ƙauyen ya girma a kewayensu.

Ginin kansa shi ya fi burge ni. Tubali ne na jar ƙasa, bango mai kauri, shi ya sa ko a bazara za ki ji sanyi da zarar kin shiga. Ki ɗaga kai ki dubi bakan gizon da ke riƙe da rufin: azara ake jerawa a ɗaure, a lulluɓe da laka har ta lanƙwasa. Dabarar da Babban Gwani Mikaila ya yi fice da ita a Masallacin Juma'a na Zariya ke nan. Masu ibadar Hausawa ne, da Hausa suke addu'a, don haka ɗakin ibadarsu ya fito da kamannin gida.

A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, ya yi firamare, mahaifinsa yana aikin bishara. Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, shi ma ɗan wannan al'umma ne.

Abin da ke damuna shi ne damina. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, da gyaran indararo kafin ruwan fari, kuma maginan da suka iya ɗaurin bakan gizo sai raguwa suke yi. In kin koma, ki nemi a buɗe miki ciki, ki taɓa bangon da hannunki.