Amsa: Ma'aikata da batun rage tumbi

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko ma'aikata a shirye suke su rage ƙiba su gyara cimarsu, tunda an ɗora maka shirya musu faɗakarwa. Na daɗe ina aikin gwamnati a Birnin Kebbi, kuma abin da na gani shi ne da baki kowa a shirye yake, amma ba a motsawa sai likita ya ce hawan jini ne ko ciwon suga.

Abin da ke riƙe mutane ba rashin sani ba ne kawai. A wajenmu tumbi alamar samu ce, cewa ake oga ya huta. Ka fara ramewa kuwa, sai ka ji ana tambayar ko lafiya, ko albashi ne bai shigo ba. Akwai abokin aikina da ya watsar da shirinsa don mahaifiyarsa ta zargi matarsa da barinsa da yunwa. Shi ya sa nake cewa in ba a sa uwargida cikin maganar ba, aikin banza ne, ita ke riƙe da tukunya.

Kada ka ce musu su bar shinkafa, a Kebbi ba mai sauraronka. Ce musu su rage malmalar tuwo, su yawaita miya da ganye: zogale, rama, lalo, ga kifin Yauri da Argungu, gasasshe maimakon soyayye. Fura ma ba laifi in ba a cika mata sukari ba. Babban ɓarawon shi ne lemon kwalbar da ake rabawa a kowane taro. Ta 50cl ɗaya tana ɗauke da sukarin da ya haura cokalin shayi 10. Sai magi, wanda mutane ke mantawa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5.

Motsa jiki kuma minti 150 a mako hukumar ta ce. Tafiyar minti 30 bayan Asuba, kwana 5, ta wadatar, tun rana ba ta buɗe ba.

Ranar taron ka zo da sikeli, abin awon jini da ma'aikaciyar jinya. Wanda ya dawo da kansa bayan wata guda don a sake auna shi, da shi za ka fara. Masu shan maganin suga kuma su ga likitansu kafin su rage abinci.