Amsa ga ƙanwar da ke son zuwa Montiriyal ƙera wasannin bidiyo

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin gama digirin kwamfuta, kina son zuwa Kanada ki shiga harkar ƙera wasannin bidiyo, kina tambaya ko mace mai hijabi za ta zauna lafiya a ciki.

Za ta zauna. Dokar 2019 ta Kebek (lardin da birnin Montiriyal yake ciki) da ta hana sanya alamun addini ta shafi wasu ma'aikatan gwamnati ne, irin su malaman makaranta da 'yan sanda, ba kamfanoni masu zaman kansu ba. Abin da zai fara damunki shi ne ƙarancinmu. Mata kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na masu wannan sana'a, a ɓangaren rubuta manhaja kuwa sau da yawa ke kaɗai ce a ɗakin taro. Ki kawo shawara a yi tsit, can anjima wani namiji ya maimaita ta a ce madalla. Ni dai yanzu ina rubuta ra'ayina a Slack, manhajar da muke tura saƙonni a wurin aiki, tun kafin a zauna, ya zama akwai shaida.

Cin zarafi ma ba ƙage ba ne. A 2020 manyan jami'an kamfanin wasanni na Ubisoft da dama sun bar muƙamansu bayan ƙorafin ma'aikata, kamfanin wasanni na Riot Games da ke Amurka kuma ya amince a 2021 ya biya dala miliyan 100 kan ƙarar da mata suka shigar. A nan ne takardunki ke da muhimmanci. Wadda izinin aikinta ke ɗaure da kamfani ɗaya takan haɗiye magana, domin in aikin ya tafi zamanta a ƙasar ya shiga rawa. Izinin da ake samu bayan kammala karatu a nan buɗaɗɗe ne, kina iya tattara naki ki sauya wuri. Sai dai an tsaurara sharuɗɗansa a 2024, don haka kada ki biya kuɗin makaranta sai kin tabbatar kwas ɗin ya cancanta.

Kasuwar kuma ta yi sanyi: an sallami ma'aikata sama da 10,000 a faɗin duniya a 2023 kaɗai, korar ba ta tsaya nan ba.

Tun kina gida ki fara Faransanci, domin shi ne babban harshen Kebek. Ki sauke Godot ko Unity, manhajojin da ake ƙera wasanni da su, ki gama ƙaramin wasa guda, ko na dara ne, wanda mutum zai buga daga farko har ƙarshe. Shi masu ɗaukar aiki ke buɗewa kafin su kalli digiri. In kin iso ki nemi ƙungiyar Pixelles, suna koya wa mata yin wasansu na farko. Ki turo min naki in ya kammala, in gwada shi. Ki gaida Mama.