Amsa ga ƙanenmu na Ontariyo kan giyar da ake saka wa wiwi a gida

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya ina bakin aiki, na ce bari in sauka in ɗan runtsa tukuna, don na lura yawancin amsoshin da aka ba ka "haramun ne, ka tattara ka bar gidan" ne kawai, toh gaskiya suka faɗa amma ba ita ka tambaya ba, kuma barin gida a nan Kanada da tsadar hayar nan ba abu ne na kwana ɗaya ba. Ga waɗanda saƙonni suka danne musu: yaron nan ɗalibi ne, suna haya gida ɗaya da wani Bature mai haɗa giyarsa da kansa a ɗakin ƙasa, yanzu ya ce zai fara saka wiwi a ciki, har ya yi masa tayin zai yi masa tasa daban wadda babu barasa tunda ya san Musulmi ne. Shi ne yake tambaya wai da gaske doka ta yarda, kuma in babu barasa a ciki akwai wata illa?

Ni nas ce, na daɗe ina aikin dare a sashen gaggawa, tun kafin a halatta wiwi a ƙasar nan nake ciki har yau, don haka abin da zan gaya maka na wajen aiki ne. Ɓangaren addini akwai malamai a zauren nan da suka fi ni, abin da na sani dai hadisin cewa ya yi duk abin da ke sa maye giya ne, bai ce sai wanda aka yi da hatsi ko inabi ba. Na bar musu sauran.

Maganar doka, mutumin naka bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba. Kanada ta halatta wiwi ranar 17 ga Oktoba 2018, bayan shekara guda kuma aka buɗe na ci da na sha, su alewa da cakulan da lemon gwangwani. Babba zai iya yawo da giram 30, a nan Ontariyo sai ka kai shekara 19, Alberta 18, Kebek 21. Ana iya shuka har tushe 4 a gida, ban da Kebek da ta hana. Haɗa giya a gida don shan kai ita ma ba laifi ba ce. Amma ga abin da bai gaya maka ba, ko shi ma bai sani ba: gwamnatin da ta halatta kowanne shi kaɗai, ita ce ta hana kamfanoni su haɗa su a kwalba ɗaya. Ka shiga duk shagon wiwi mai lasisi a ƙasar nan ka ce a ba ka abin sha mai THC, wato sinadarin da ke sa maye a wiwi, da barasa tare, ba za ka samu ba. Amurka ma haka ne, hukumar tarayya mai kula da barasa ba ta amincewa da giya mai THC, Kalifoniya har doka ta yi a kai a 2018. Kuma ba wai 'yan kasuwa ba su so ba ne, kamfanin Constellation Brands masu sayar da giyar Corona a Amurka sun zuba kusan dala biliyan 4 a kamfanin wiwi na Canopy Growth a wannan shekarar ta 2018, kuɗi suke nema ido rufe, amma duk abin shan da manyan kamfanonin nan suka fitar sai da aka cire barasar tukuna. Kai ka tambayi kanka me ya sa.

Dalilin shi ne barasa tana ƙara yawan THC ɗin da ke shiga jini, wato kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, mutumin da ya saba da giya kwalba biyu ba ta yi masa komai, ya saba da ganye yana busawa ya tafi harkarsa, ranar da ya haɗa su sai ka ga ya zube. Turawa za su ce maka ai hops ɗin da ake sa wa giya ɗaci da wiwi dangi ɗaya ne a tsirrai, eh gaskiya ne dangi ɗaya ne, shi ya sa ma warinsu ke kama, amma hops ba shi da THC, zancen burge mutane ne kawai a wajen fati.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya ka karanta da kyau. Na kanti, doka ta ce kada THC ya wuce miligiram 10 a gwangwani ko fakiti ɗaya, an auna a dakin gwaji an rubuta a jiki, kuma hukumar lafiya ta ƙasa tana cewa wanda bai saba ba kada ya wuce miligiram 2.5. Toh shi maƙwabcin naka da me zai auna? Ma'aunin da masu haɗa giya a gida ke da shi sukari yake aunawa su kintaci ƙarfin barasa, ba ruwansa da THC. Sannan shi THC ba ya narkewa a ruwa, kamar ka zuba manja a ruwan sanyi ne, yana nan gefe guda, wani ya manne a jikin bokiti wani ya taru wuri ɗaya, sai ka ga daga tukunya ɗaya kwalbar farko kusan ba komai a ciki, ta goma kuma ta kwashe rabon mutum biyar. Kamfanoni injina suke sakawa da kuɗi masu yawa kafin su samu ya gauraya daidai. Shi kansa mai haɗawar bai san me ke cikin kwalbar da zai miƙo maka ba, wlh bai sani ba, ko da kuwa zuciya ɗaya yake yi maka.

Kuma wannan ta "babu barasa" ɗin ma ni ban yarda da ita ba. Giyar gida da yis ake yinta, aikin yis kuwa shi ne ya ci sukari ya mayar da shi barasa, in dai yana raye a kwalba yana kan aiki. Cire barasa har ta koma ƙasa da kashi 0.5 aikin masana'anta ne. Ga shi kuma tunda THC ba ya narkewa a ruwa, da yawansu da barasa mai ƙarfi suke jawo shi daga ganyen su zuba. Kaga ko ta ina ka bullo akwai alamar tambaya.

Sai jinkirin, shi ne yake kawo mana mutane asibiti fiye da komai. Wanda ya busa, cikin 'yan mintuna ya ji a jikinsa, in ya ishe shi ya ajiye. Wanda ya ci ko ya sha, sai ya bi ta ciki ya je hanta, hanta ta juya shi zuwa wani sinadarin da ya fi na farko kama ƙwaƙwalwa, kafin ya fara ji minti 30 ne har zuwa awa 2, kafin ya kai ƙarshen ƙarfinsa zai iya ɗaukar awa 4, kuma yana iya riƙe mutum awa 12, wani ma har washegari yana jin kansa ba daidai ba. Giya kuwa an saba ana gama kwalba a buɗe wata. Kaga inda matsalar take.

Akwai wani yaro da aka kawo mana wajen ƙarfe biyun dare, ɗan Afirka ta Yamma ne, ɗalibi kamarka, abokansa biyu sun riƙo shi. A gidan wani suka je biki aka ba shi irin wannan haɗin, ya sha ɗaya bai ji komai ba har yana musu dariya wai ruwa ne, ya ƙara, ya sake ƙarawa, sai da suka fito za su hau bas abin ya taso masa gaba ɗaya. Da na gan shi leɓensa ya yi fari fat, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf alhali ana dusar ƙanƙara a waje, na'ura tana nuna bugun zuciya ya haura 140, yana amai yana rawar ɗari. Da ya ga ɗankwalina sai ya damƙe min hannu da ƙarfi har farcensa ya shata, yana cewa mutuwa zai yi, in taya shi kalmar shahada, in kira mahaifiyarsa in ce ta yafe masa. Duk bayan minti biyu sai ya tambaye ni ƙarfe nawa, in na faɗa ya ce ƙarya ne an fi awa ɗaya. Kuma ka sani babu wata allura da ke karya wiwi, ba kamar masu shan ƙwayoyin dangin kodin da heroin masu sa barci ba da muke da maganin farfaɗo da su nan take. Abin da muke yi ƙarin ruwa ne, maganin amai, in firgicin ya yi yawa likita ya rubuta na kwantar da hankali, a rage fitila, a zauna ana kallonsa har gari ya waye. Da safe ya kasa haɗa ido da ni. Ya tafi lafiya, yawancinsu suna tafiya lafiya, ba zan tsorata ka da ƙarya in ce wiwi na kashe mutum nan take ba, abin da ke kashewa shi ne amai ya shaƙe wanda ya yi mankas yana kwance rigingine, ko faɗuwa daga bene, ko tuƙi, ko mutum ya kwanta a waje cikin sanyin Janairu.

Wasu kuma ba sa dawowa daidai da safe. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma wanda a danginsu akwai mai taɓin hankali, wiwi mai ƙarfi na iya tayar masa da shi, ya fara jin muryoyi yana zargin ana binsa. Mu da muka taso a Kano mun san su waye suka cika asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, na Kaduna su tambayi na Barnawa. Ganyen nan na Kanada kuma ya fi wanda 'yan unguwa ke busawa a kango ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa ma ake satar shigar da shi Legas ana sayarwa da tsada NDLEA na kamawa a tashar jirgin ruwa. Haɗin ma ba sabo ba ne a wajenmu, monki tel da ake sayarwa a kudu ogogoro ne aka jiƙa wiwi a ciki, ga sukushi na 'yan fati, ga masu zuba zaƙami a zoɓo ranar biki. Don Bature ya yi nasa a bokiti mai tsabta ya liƙa wa kwalba takarda mai kyau, bai canja komai ba.

Toh sai takardunka, kuma nan ne kai da shi kuka raba hanya, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Shi ɗan ƙasa ne, in ya yi laifi ya biya tara ko ya yi zaman gidan yari ya dawo gidan ubansa. Kai bizar karatu gare ka. Tun Disamba 2018 hukuncin tuƙi cikin maye ya koma har shekara 10, wannan ya sa a dokar shige da fice ya shiga sahun manyan laifuka, ko mai takardar zama ta dindindin zai iya rasa ta a kansa balle ɗalibi. Kuma ma'aunin ba shi da yawa: in aka samu barasa miligiram 50 a mililita 100 na jini tare da THC nanogiram 2.5 a mililita ɗaya, shikenan laifi ya tabbata, ko da kowanne shi kaɗai bai kai babban layin ba. Abin da ke riƙe mutum awa 12, ka sha da daddare ka tashi da safe ka ɗau mota kana kai saƙon abinci kamar yadda yawancin ɗalibanmu ke yi, kai kana ganin ka warware jininka bai warware ba. Tsallaka boda da shi, shiga ko fita, laifi ne mai hukuncin har shekara 14, ko jihar Amurka da ta halatta za ka. Jami'in bodar Amurka ma in ya tambaye ka ka taɓa sha ka ce eh, yana da ikon hana ka shiga. Gida kuwa ba sai na faɗa ba, mallaka kawai a dokar NDLEA shekara 15 zuwa 25 ce, kada wani ya ba ka alewa ko kwalba ya ce tsaraba ce ka saka a jaka.

Zama a gidan, in ba ka da halin tashi yanzu, ga abin da zan ce ka yi. Ka gaya masa a fili ba ka sha, kowace iri, Turawan nan in ka faɗa musu kai tsaye sau ɗaya suna girmamawa, kunyarmu da "sai wani lokaci" ita ke sa su yi ta maimaita tayi. Kada ka saka ko sisinka a kayan haɗin, kada ka taya shi karɓar kuɗi a hannun kowa, don da zarar kuɗi ya shiga an tashi daga shan kai an koma sayarwa ba lasisi, kuma adireshinku ɗaya. Ka sa ya riƙa rubutu ɓaro-ɓaro a jikin kwalaben, ya ware musu wuri daban ba firijin da kake ajiye lemonka ba, musamman in kana samun baƙi masu yara, tun da aka fara sayar da na ci yaran da ake kawowa asibiti sun ci bisa kuskure suka ƙaru, kuma yaro ba kamar babba ba ne, har numfashinsa yana iya raguwa. Kwalaben giyar gida ma kansu in sukari ya yi yawa fashewa suke yi, kar ka ajiye kayanka kusa da su.

In kuma wata rana wani ya zube a falonku, ka kwantar da shi ta gefe ba rigingine ba, kada ka ɗura masa ruwa ko madara ko garin kwaki irin yadda ake yi a gida, kada ka bar shi shi kaɗai wai ya yi barci ya warware. In ba ya farkawa, ko numfashi ya canja, ko yana kukan ƙirji, ka kira 911 ka gaya musu ainihin abin da ya sha da ƙarfe nawa ya sha, mu ba 'yan sanda ba ne, kuma akwai dokar 2017 da ke kare wanda ya kira neman agaji daga tuhumar mallakar ƙwaya ta shan kai. Ɓoye mana da ake yi shi ke sa mu ɓata lokaci muna gwaje-gwajen da ba a buƙata.

Abu ɗaya da ba ka faɗa ba, sunanka yana kan takardar hayar ne ko a hannunsa ka karɓi ɗakin? Ka duba ka kuma karanta ko mai gidan ya rubuta wani sharaɗi kan shuka ko shan wiwi a ciki, don in takarda ɗaya kuka sa wa hannu tare, matsalarsa da mai gida za ta iya shafarka. Ka turo min amsar ta ciki in ba ka so a gani a nan, yau ma ina da aikin dare amma zan duba waya lokacin hutu.