Amsa: Fita da maiɗaki farautar talotalo karon farko

Ɗan'uwa, ka ce kana son fita da maiɗakinka farautar talotalon daji a nan Amurka, kana tambayar ta ina za ka fara. Ni a jihar Misuri na kai tawa, cikin watan Afrilu.

Ita ma sai ta yanki lasisinta, naka ba zai yi mata ba. Bindiga kuwa samo mata ta harbin tsuntsu mai lamba 20 (lambar ma'aunin faɗin bakin bindiga ce), ba ta dukan kafaɗa kamar mai lamba 12, kuma ta gwada hannunta kafin ranar.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne zama cik. Tsuntsun nan ido gare shi ba kaɗan ba. Tun da duku-duku muka jingina da gindin wata ƙatuwar bishiya, ina goga ɗan akwatin katakon nan mai kwaikwayon kukan macen talotalo. Namijin ya amsa, ya taho yana baza jela, saura ƙiris. Sai maiɗakina ta ɗaga hannu ta kori sauro. Ko ƙurarsa ba mu ƙara gani ba. Laifina ne ma, ban kafa mana 'yar rumfar ɓuya ba, ga shi ƙafarta ta yi sanyi don ban kawo matashin zama ba.

Kada maiɗakinka ta sa tufafi ja, fari ko shuɗi. Launin kan namijin ke nan, wani maharbin na iya yin kuskure. Ta yi bisimilla kafin ta harba, in kun iske shi da sauran rai ku yanka. Da kun koma gida ku duba jikinku saboda kaska.