Tambaya da Amsa: Me ya sa zanena mai motsi yake rawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, kuma shekara biyu ke nan ina rubuta farashin buhun dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada kowane mako. Na zana jadawalin kowane mako da Matplotlib, manhajar zana alƙaluma a kwamfuta, na haɗa hotunan suka zama GIF, wato hoto mai motsi, amma da na kunna sai layin ya riƙa tsalle, ba a ma gane lokacin da kaya ya yi tsada. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Alƙalumanki lafiyarsu ƙalau, ma'aunin zanen ne yake sauyawa. Idan ba ki ɗaure shi ba, Matplotlib yakan zaɓa wa kowane zane iyakarsa ta sama da ta ƙasa gwargwadon alƙaluman da ke cikinsa, saboda haka duk makon da farashi ya hau, sai ma'aunin ma ya hau tare da shi, tamkar mai awo da ke sauya mudu tsakanin wannan mai saye da wancan. Ki nemo farashi mafi tsada a shekarun biyu, ki ƙara masa ɗan sarari, ki ɗaure ma'aunin tsaye da umarnin set_ylim daga sifili zuwa can, sannan ki ɗaure na kwance da set_xlim daga makon farko zuwa na ƙarshe.

Idan rawar ba ta daina ba, ki duba ko kin sa umarnin bbox_inches="tight" wajen adana hotunan, domin yakan datse gefen kowane hoto daidai da tsawon rubutunsa, girmansu ya bambanta. Ki duba sunayen fayilolin ma. Kwamfuta takan jera 10 kafin 2, don haka ki rubuta 001, 002, har zuwa 104. Wannan ƙaramin abu ya sha cinye mini dare guda. Hanya mafi sauƙi ita ce FuncAnimation, wani kayan aiki da ke cikin Matplotlib, wanda zai zana hotunan a jere, ya adana su a matsayin GIF ta hanyar manhajar Pillow, ko bidiyon MP4 ta hanyar manhajar ffmpeg.

Hoto 104, idan ana nuna takwas a daƙiƙa, zai ɗauki daƙiƙa 13, kuma hakan ya wadatar. Ki ajiye kwanan wata a kusurwa ɗaya da manyan haruffa, ki kuma tsayar da hoton ƙarshe na daƙiƙa uku domin mai kallo ya karanta. GIF tsohon tsari ne da kamfanin CompuServe ya fitar a 1987, ba ya ɗaukar launi fiye da 256 a hoto guda, ga nauyi, shi ya sa na fi son MP4 ga wanda zai tura wa masu lallaɓa data.

A ganina, layi guda ba ya buƙatar motsi sosai, tsayayyen zane ma zai nuna shi. Motsi yana amfani ne idan abubuwa da yawa suna sauyawa tare, kamar yadda Hans Rosling, masanin lafiyar jama'a ɗan ƙasar Sweden, ya nuna a 2006 da ƙasashen duniya, yana kwatanta yawan haihuwarsu da tsawon ran mutanensu. Idan za ki samu farashin Bokkos da Mangu, ki ba kowace kasuwa launinta, a ga inda tsadar take fara kunno kai kafin ta iso Farin Gada.