Tambaya da Amsa: Tsohuwar Jif, a Fara da Gyara Kafin Kwalliya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi Toyota Prado ƙirar 1999 mai injin fetur V6 da giya otomatik, ta ci kilomita 290,000. Injinta lafiya lau, ba ta hayaƙi, ba ta shan baƙin mai. Burina in ɗaga ta sama, in sa mata manyan tayoyi da ƙarfen gaba da ƙarin fitilu, kuma ina so in riƙa yin yawancin aikin da hannuna a gida. Wanda ya sayar mini bai ba ni wata takarda ta tarihin gyaranta ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka yi dacen mota. Injin da ke cikinta, 5VZ-FE mai lita 3.4, yana cikin injinan Toyota masu ƙarko, kuma hannun mai koyo yana iya kai wa yawancin sassansa. Sai dai maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta ƙarshen wasiƙarka, wato babu tarihin gyara. Motar da ta haura shekara 25 ba tare da takarda ba, ka ɗauka cewa duk wani mai da ruwa da roba da ke jikinta ya tsufa, har sai idonka ya tabbatar maka da akasin haka. Don haka ka ajiye maganar ɗagawa tukuna.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka sayi ƙafafun ƙarfe na tokare mota, masu ɗaukar tan 3 zuwa sama. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai, kada ka taɓa shiga ƙarƙashin mota ka dogara da shi. Bulo ma ba abin yarda ba ne, yana rugujewa ba tare da ya ba da alama ba, ga shi motarka ta kusa tan 2. Ka tsaya a daɓe mai tauri, ka sa wa tayoyin da ke ƙasa waigi. Bayan wannan sai soket da sifanu na milimita, musamman 10, 12, 14, 17, 19 da 24, da famfon giris, da sifanar auna ƙarfin ɗauri, da littafin gyara na wannan ƙirar. Littafin ne zai gaya maka ƙarfin da kowane noti yake buƙata, hannu ba ya iya kintata shi.

Abu na farko da zan duba a wannan motar shi ne boljoyin na ƙasa a ƙafafun gaba, wato gaɓar da ke riƙe da ƙafar taya tana ba ta damar juyawa. A Prado ta wannan zamanin, da 'yar'uwarta 4Runner ta 1996 zuwa 2002, nauyin gaban mota a kan wannan gaɓa yake rataye, kullum ana jan ta ne kamar za a zare. Idan ta cinye ta fizge, tayar gaba lanƙwashewa take yi ta shige ƙarƙashin mota, kuma sau da yawa ba ta yin wata ƙara ta gargaɗi kafin hakan. Tunda ba ka san ranar da aka canza su ba, canza duka biyun, ka sa na asali, da sababbin kusoshi, ka ɗaure su da awo. Wannan wuri ne da ban yarda a nemi sauƙin kuɗi ba, domin rayuka ne a kai. Kana nan ƙasa, ka girgiza tayarod, ka duba bushin, ka duba robar da ke rufe da gaɓoɓin shaf na gaba ko ta yage tana watsa giris.

Na biyu birki. Man birki yana zuƙar danshi daga iska. Sabon man birki nau'in DOT 3 sai ya kai digiri 205 kafin ya tafasa, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa tun daga wajen 140. A doguwar gangara da kaya, zafin birki ya isa ya kai shi can, sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa. Ka zubar da tsohon gaba ɗaya, ka sa irin wanda aka rubuta a murfin kofinsa, ka maimaita duk shekara 2. Ka lanƙwasa tiyon roba na birki a kowace ƙafa, wanda ka ga ya tsattsage ko ya kumbura ka fitar da shi.

Sai lagireto, kuma a nan akwai abin da masu giya otomatik da yawa ba su sani ba. A cikin tankin ƙasa na lagireton akwai wani bututu da man giya yake bi don ya huce. Idan tsatsa ta huda shi, ruwa ya shiga man giya, man ya koma ruwan hoda mai kauri, to giyar ta kama hanyar lalacewa. Lagireton da robar samansa ta koma ruwan ƙasa ya gama aikinsa, ka canza shi tun bai fashe ba, tare da murfinsa da manyan tiyo biyu. Tunda ka buɗe gaban injin, lokacin canza taimin bel ne da famfon ruwa da tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan injin ya yi zafi), a yi su rana ɗaya. A wannan injin, idan bel ɗin ya tsinke fistin ba ya dukan bawul, mota mutuwa kawai za ta yi a inda take. Masu injin dizal 1KZ-TE kuwa ba su da wannan rangwamen, tsinkewar bel a wurinsu ɓarna ce babba a kan injin. Idan ba ka taɓa saita makin taimin ba, nemi wanda ya iya ya tsaya a kanka karon farko.

Man giyoyin ƙasa aiki ne mai sauƙi da kowa zai iya. Wurare uku ne: aksul na gaba, akwatin raba ƙarfi na tsakiya, da aksul na baya. Ka fara kwance notin zubawa na sama kafin na tsiyayewa na ƙasa, domin idan ka tsiyaye man sannan na sama ya ƙi kwancewa, motar ta zauna ke nan. Ka lura da abin da ya fito. Laushin garin ƙarfe a jikin maganaɗisun noti ba abin damuwa ba ne, gutsattsarin ƙarfe kuwa magana ce. Idan man ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, sai ka duba ɗan bututun numfashi da ke saman aksul ko ya toshe. Daga nan ka bi furofela ta gaba da ta baya ka ɗura giris a kowane kan nono. Man giya otomatik kuwa, a tsohuwar mota na fi son a tsiyaye a cika, a yi 'yan makonni ana hawa, a sake, maimakon a tura shi da injin matsi.

Taya ma tana da ranar haihuwa. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT su ne mako da shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta kai shekara 10 ta tashi aiki ko da zanenta bai cinye ba, har da safayar da ke rataye a ƙofar baya.

Idan ka gama waɗannan, to mu zo kan kwalliya. A ganina, sababbin shokozoba masu kyau sun fi komai canza yadda tsohuwar jif take tafiya, kuma sau da yawa sifirin ɗin ya riga ya zauna, sabo kawai zai dawo mata da tsayin da ta rasa. Idan dole sai ka ɗaga, kada ka wuce santimita 5. Abin da ya haura haka yana karkatar da shaf na gaba har robarsa ta riƙa yagewa, yana ja wa boljoyin ɗin nan ƙarin wahala, kuma yana ƙara wa mota saurin kifewa a kwana, alhali jif dama can doguwa ce. In taka mai bawul ɗin daidaita birkin baya gwargwadon kaya ce, dole a sake saita shi bayan ɗagawa. Matse sifirin gaba aiki ne mai haɗari, ka kai wa masu na'urar su haɗa maka, kai ka ɗaura a gida, sannan a je a yi alaimen.

Manyan tayoyi suna da lissafinsu. Taya 265/70R16 tsayinta kusan milimita 777 ne, 285/75R16 kuwa kusan 834, bambancin ya ɗan haura kashi 7 cikin 100. Allo zai nuna maka 100 kana gudun 107, mota za ta yi nauyin tashi, ta ƙara shan mai, birki ya ƙara nisan tsayawa, wataƙila ma tayar ta riƙa gugar bodi. Ni da zan zaɓa maka, 265/75R16 zan ce, ƙarin kashi 3 da ɗoriya ne kawai, kuma a nan ne kwalliya take biyan kuɗin sabulu. Fitilu kuma a ja musu wayarsu daban daga batir, da fiyus kusa da batir ɗin da rile, kada a jona su a tsohuwar wayar mota. Ka fara cire kan batir na negatif kafin ka taɓa waya, wayoyi masu launin rawaya kuma na jakar iska ne, ka bar su.

Tambaya: Malam, jif ɗina tana zafi idan na shiga cunkoso. Makaniki ya cire tamostat ya ce shi ke riƙe ruwa, amma har yanzu allurar tana hawa. Me ya rage?

Amsa: Malam, a mayar da tamostat, sabo, mai lambar da kamfani ya sa, yawanci za ka ga an buga 82 ko kusa da haka a jikinsa. An ƙera injin ne ya yi aiki da wani zafi na musamman. Idan ya daɗe bai kai ba, kwamfutar motar za ta ci gaba da ba shi mai da yawa, ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, injin ya riƙa cin kansa. A injina da dama kuma, tamostat ne yake toshe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe. In babu shi, wani kaso na ruwan zafi zagayawa yake yi ya koma injin ba tare da ya bi ta lagireto ba.

Inda motar take zafi shi ne ke nuna ciwon. Zafi a cunkoso da ke sauka idan an samu hanya, matsalar iska ce. Ka duba kulocin fanka: idan injin ya yi zafi ka kashe shi, ka juya fankar da hannu, ya kamata ka ji ta da nauyi. In ta yi ta juyawa sakaka, ko ka ga maiƙo a jikinta, ta mutu. Ka tabbata murfin robar da ke kewaye da fanka yana nan, ka kuma wanke dattin da ke maƙale tsakanin lagireto da kondensar AC. Zafi a babbar hanya ko a hawan tudu kuwa ya fi nuna toshewar lagireto ko gajiyar famfon ruwa. Idan ruwa yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ko kumfa na tasowa, a gwada gaskit na kan injin.

Murfin lagireto ƙaramin abu ne amma matsin da yake riƙewa, bar 0.9 ko 1.1 a ma'aunin matsi, shi ke sa ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Ka daina zuba ruwa zalla ba tare da maganin lagireto (kulant) ba, yana cin ƙarfe daga ciki. Kuma don Allah kada ka buɗe murfin nan injin na da zafi.

Tambaya: Jif ɗina mai sandar 2H, 4H da 4L ce, wato sandar zaɓar jan taya biyu ko huɗu. Wani ya ce in bar ta a 4H kullum don ta fi riƙe hanya. Haka ne?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. In dai motarka ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya a tsakiya, 4H yana kulle su ne su juya tare. A busasshiyar kwalta tayoyi ba sa samun santsin da za su sauke wannan matsin, sai ka ji sitiyari ya yi tauri a kwana, shaf da giya suna murɗuwa. 4H na yashi ne da laka da tsakuwa. Barinsa kwata-kwata ma ba daidai ba ne, littattafan Toyota na irin waɗannan motoci suna cewa a yi aƙalla kilomita 16 da shi kowane wata don mai ya zaga sassan gaba. Ka nemi hanyar ƙasa ka yi hakan.

Tambaya: Malam, ni mace ce mai jif ƙirar 2003. Fitilar injin ta kunnu a allo amma motar tana tafiya daidai. Zan iya gano dalilin da kaina?

Amsa: Ƙwarai kuwa Hajiya. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Akwai 'yar na'urar OBD2 da ake soka wa a nan, ta aika lambar matsalar zuwa wayarki. Ki rubuta lambar kafin ki goge ta. Lambar tana nuna inda za a fara bincike ne, ba lallai tana nufin a sayi sabon kaya ba. Misali P0171 na cewa iska ta yi wa mai yawa, kuma sau da yawa tiyon iska ne ya yage ko na'urar auna iska ta yi datti, wadda ake fesa wa maganin wankinta na musamman ba tare da an taɓa siririyar wayar ciki ba. Idan fitilar tana tsaye, kina da lokacin bincike. Idan ta fara ƙiftawa, wata silinda ce ba ta ƙona mai, ɗanyen man yana wucewa salansa yana ƙona matatar hayaƙi. Ki rage gudu, ki samu wuri ki tsaya, a duba filogi da koyil kafin a ci gaba da tafiya.